Mutanen Yumɓu Marasa Kai

Ina da shekara ashirin da 'yan kai kawuna ya fara tura ni ƙauyuka sayen citta. Mu 'yan kasuwa ne a Kafanchan tun kakanni, amma kafin nan ban taɓa wuce Kagoro ba. Farkon shekarun casa'in ke nan. Nakan ɗauki hayar akori-kura in bi ƙauyuka, in tara buhuna in dawo.

A wata tafiya, ruwan farko ya riga ya sauka, muka isa wani ƙauye a bayan duwatsu wajen azahar. Ban ga namiji ko ɗaya a garin ba. Manomin da nake saye a wurinsa dattijo ne a cocinsu. Matarsa ta ce yana gona, ta nuna mini hanya da baki.

Abin da na tarar ba gona ba ce. Ramuka ne jere har gindin dutse, kowanne da tulin jar ƙasa a bakinsa, kamar maƙabartar da aka haƙa ba a kawo gawa ba. Ba kowa a fili. Sai na ji ana magana ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin ƙafata. Na tsaya cak. Can sai ga kan dattijon ya ɓullo daga wani rami, jajawur da ƙasa har gira.

"Malam, ka iso? Gumaka muke haƙa," in ji shi. "Akwai masu zuwa daga birni, kawunan kawai suke so."

Na ce, "To jikin fa?"

"A farfashe yake fitowa. In ya fito haɗe ma, ɓalle kan ake yi. Ya fi shiga buhu."

Na duƙa na ɗauki wani guntu. Hannu ne na yumɓu dafe da gwiwa, da warwaro a wuyansa, har farce an fitar masa. Yana da sanyi kamar an tsamo shi daga rijiya.

"Kawo shi nan, ɗana."

Wata tsohuwa ce a bayana, ta ranƙwafa, da kwando a hannu. Ban ji zuwanta ba. Mahaifiyar dattijon ce, kuma kullum takan bi ramukan tana tsintar abin da aka yar. Ta karɓa ta sa a kwando, ta ce in biyo ta.

Ta kai ni wani tsohon rumbu a bayan ɗakinta, ta ce in leƙa. Da idona ya saba da duhun ciki, sai na gan su. Ta jera su a zaune, kafaɗa da kafaɗa, duk sun fuskanci ƙofa. Wani ya rungume gwiwa, wata da jigida a ƙugu, wani ya ɗaga hannu zuwa inda haɓarsa take a da. Babu mai kai ko ɗaya. Duk da haka na ji a jikina ana kallona.

Na ce, "Kaka, kakanninku ne?"

"Ban san su ba. Kakana ma bai san su ba," ta ce da irin Hausarta. "Amma mun same su a nan. Su ne masu gona, mu baƙi ne. Wannan mace ne, ka gani? Ya yi kwalliya, yanzu ba fuska."

"Me za ki yi da su?"

"Ina ajiye. Wata rana wani zai zo ya tambaya."

Da muka gama lodi, dattijon ya kawo wani buhu da kansa, ya ce akwai saƙo a ciki, wani zai karɓa a tasha. Na san abin da ke ciki. Ban tambaya ba, don kada ya faɗa mini.

A mashigar wani rafi motar ta kafe a taɓo, dole muka sauke kaya. Buhun nan ya zame ya yage. Sai ga fuska a tsakiyar citta. Doguwa, da kitso tsaf, leɓɓa a ɗan buɗe kamar an katse ta tana magana. Idanun huda ne, ramuka biyu, kuma duk inda na matsa suna kaina. Direban ya yi a'uziyya ya ja baya.

"Wallahi ba na taɓa wannan," ya ce. "Ka mayar musu da abinsu."

Ƙauyen bai yi nisa ba tukuna, da na so da na mayar. Amma hadari ya haɗo, ina tsoron kayan kawuna su jiƙe. Na tura citta na rufe fuskar, na ɗinke buhun. A tasha wani mutum mai baƙin tabarau ya karɓa, ko sallama bai yi mini ba.

Sai bayan damina biyu na sake komawa. Masu saye sun daina zuwa. Ramukan sun cika da ruwa, gonar ba ta nomuwa, har wani Bafulatani ya ce mini saniyarsa ta karye a ciki. Tsohuwar ta rasu. Rumbun ya faɗi, aka kwashe abin da ke ciki aka cike wani kwazazzabo a hanyar shiga gari. Ashe ta kansu muka bi da mota.

Na tambayi dattijon ko akwai wanda ya ɗauki hoton ko da gunki ɗaya. Ya shiga murza hularsa.

"Babu, Malam. Jikokina suna tambaya, na rasa yadda zan kwatanta musu."

Na zauna na kwatanta masa wadda na gani a bakin rafi, kitsonta da bakinta, iya abin da na tuna. Ya kira matarsa ta zo ta ji. Da na gama ya ce in sake daga farko, a hankali.