Ranar da Aka Hana Ni Magana a Sabuwa

Ƙanƙara

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da sallar asuba, muka bar gida, ni da ƙanena Sale, za mu Sabuwa wurin wani mai magani. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo, kowa na sayen rediyo da babur. Shi kuwa Sale, tun dawowarsa daga yaƙi, ko ƙyaure aka buga sai ya faɗa ƙarƙashin gado. Laifina shi ne, duk sanda ya ɗauko zancen abin da ya gani, sai in ce, "Yi mana shiru, namiji ba ya kuka." Matarsa Hanne ta ce in damina ta faɗi yana haka, gidansu za ta.

Faskari

A-kori-kura muka shiga. A 'Yankara muka tarar da shingen 'yan sanda, Sale na ganin kaki ya kama ɓari. Direba ya leƙa ya ce, "Ranka ya daɗe, marar lafiya gare mu." Aka ɗaga katako. Ƙarfe tara muna Faskari, muka sha fura da nono, muka hau motar hatsi.

Sabuwa

Hanya duk ramuka, daji hagu da dama. Sai la'asar muka isa. Mai maganin, wani tsohon maharbi da ake kira Baba Maidaji, ya sauke mu a zaurensa da tuwon dawa. Kwana biyu hira kawai yake da Sale. Na ce, "Baba, hira muka zo?"

Ya ce, "Malam Idi, kai na kan wuta ko shi?"

Rana ta uku da hantsi ya ba shi rabin ludayi na jiƙon wata saiwa mai sa mutum mafarki ido biyu. Ya ce mini, "Saiwa ƙofa kawai take buɗewa. Kai riƙe hannunshi. Ka ce uffan, in kore ka."

Can sai Sale ya fashe da kuka. "Yaya, ga Audu, abokina. Na baro shi bakin kogi yana kirana." Tsohuwar maganata ta zo har kan harshe. Baba ya nuna mini ƙofa da sanda. Na haɗiye. Har azahar Sale na faɗi, ina ji, hawaye na bin gemuna. Da ya dawo daidai ya ce, "Akwai sauran tuwo?" Malmala uku ya tashi da ita. Baba ya ce, "Wannan ku tafi da shi kafin ya cinye mini rumbu."

Gida

Mun ƙara kwana uku suna hira. A komowa, Sale da bakinsa ya gaida 'yan sandan 'Yankara. Hanne ta ji dariyarsa tun daga zaure, ta kwance ƙullin kayanta.

Firgitar ba ta bar shi kwata-kwata ba, amma in ta zo, ƙofata yake bugawa, in shimfiɗa tabarma in kama bakina. Alhamdu lillahi. Allah Ya jiƙan Baba Maidaji, da ya yi wa mutum biyu magani da rabin ludayi.