Ni Ne Birkin Ilu

Ranar kasuwar Tanut ce, a shekarar da mushe, malaminmu na boko, ya kore ni daga lakwal, ya ce kaina ba ya riƙe komai sai hula. Muna bisa tudu ni da ƙanena Ilu da motarmu. Motar kuwa ƙyauren ɗakin Inna ne muka ɗora kan ƙafafun tsofaffin baro, igiyar guga ta zama sitiyari. Ilu ne direba. Ni da Allah ya ba jiki ya rage mini basira, ni ne inji, ni ne birki: in tura, in ɗafe a baya, in mun kusa gindin tudu in kafa dugadugai cikin tsakuwa. Sai ga motocin tseren Turawa sun keto hanyar Agadas da ruri, ko kallon kasuwa ba su yi ba. Ilu ya bi su da ido har suka ɓace, ya ce, "Yaya, yau kar ka taka." Ban taka ba. Cikin ƙoren nonon wata Bafillatana muka ƙare, kuma ni aka daka, don ni ne babba.

Daga nan yaron bai sake tafiya a hankali ba. In an aike mu ɗebo ruwa da amalanke sai ya ja tsere da ƴaƴan makiyaya, mu iso gida da rabin tulu, jaki na hararata kamar ni na sa shi. Ya zama karen mota a kamiyo, babbar motar kaya ta Agadas, ya karɓi sitiyari tun gemu bai fito ba, daga baya aka ba shi ƙaramar mota mai ratsa Sahara zuwa Dirku. Can direbobi ke gasa: wa zai riga isa bai runtsa ba. Sunansa ya zaga tashoshi. Ni ina Belbeji ina noman gero, ina cika baki a majalisa cewa ni na koya masa tuƙi.

Zuwansa na ƙarshe sunan ɗiyarsa ne. Idanu jajur don rashin barci. Na ja shi bayan rumbu na ce ya zauna haka nan, gona ta ishe mu. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, rairayi ba ya son mai tsayawa. Ka tsaya, ka nutse." Ya tafi kafin a raba nama.

Wasu masu raƙuma ne suka ga motarsa a Sahara, ƙofofi a buɗe, rairayi har kan kujera, ba kowa. Muka jira iya abin da malamai suka ce a jira. Sannan liman da surukai suka zo suka zauna a tabarmata. "Kai ne babba, Malam Sani. Ka faɗa, matarsa Hajara ta shiga takaba." Tunda nake ban taɓa yin magana an karɓa ba gardama ba sai ran nan. Na ce ya rasu, aka shafa fatiha.

Yanzu jikokina ma suna tsere, amma a zaune, cikin waya, ba mai ƙuje gwiwa. In motar ta kife sai su danna, direban ya tashi ya ci gaba. Nakan tsaya a bayansu in yi ta kallo.