Ba Kare Ne Ya Kashe Hanatu Ba

Har yau idan aka tuna da Hanatu a unguwar Alkalawa, cewa ake yi kare ne ya kashe ta. Wannan magana tana ƙona mini rai, kuma ba zan ba kowa haƙuri don na ƙaryata ta ba. Kare ya cije ta, haka ne. Amma kare bai sa hannu a katin ƙarya ba, bai kalli uwarta ido da ido ya yaudare ta ba. Ni na yi. Ana ɗora wa dabba laifin ne don ba ta da bakin da za ta kai ƙara, kuma don mutane da yawa a garin nan suna da nasu kason.

Ku masu tasowa nake rubuta wa. Da furfura a kaina na koyi riƙe biro, to ku karanta da haƙuri.

Ni 'yar ƙauye ce daga kudancin Adamawa, aure ne ya kawo ni Jimeta. Mijina mai gadi ne a wata ma'aikata, ni kuma ina sayar da tuwo da miya a bakin tasha. Ban taɓa shiga aji ba, amma a lokacin ban taɓa ɗaukar ko tsinken wani ba. Da ya rasu, ya bar mini yara uku, da ɗaki biyu na haya, da wata baƙar karya mai suna Duna wadda take raka shi wurin aiki.

Bayan rasuwarsa Duna ta haifi 'ya'ya shida. Niyyata in raba wa maƙwabta kamar yadda aka saba. Sai wani Danladi, dillalin karnuka da ke cin tuwo a wurina, ya ji labari.

Ya ce, "Adda, kyauta za ki bayar?"

Na ce, "To me zan yi da su? In sa su makaranta?"

Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Ki yanke musu jela, ki rage kunne, ki wanke su da sabulu mai ƙamshi. Ki ce ubansu daga Jos aka kawo shi, kakansu kuma daga Turai. Ma'aikatan nan ba kare suke saye ba, labari suke saye."

A shekarun nan ɓarayi sun matsa wa gari da haura katanga. Duk wanda ya gina gida ya sa get, abu na gaba kare yake nema. Na sayi reza sabuwa na yi yadda ya ce, na shafa musu toka a ciwon. Biyu suka mutu. Huɗun da suka rage ba su yi mako a hannuna ba. Abin da na samu ya sa na fara kallon tukunyar tuwona da raini.

Daga nan ban tsaya ba. Na bar tasha, na ƙara karyoyi, na sa aka buga mini keji na langa-langa a bayan gida. Wanda ya san zafin Yola ya san abin da langa-langa ke yi da rana. A ciki suke kwana, a ciki suke kashi, a ciki suke haihuwa. Ba na barin karya ta huta. Da zarar jikinta ya nuna, sai in kai mata namiji. Da na ga hayar namiji tana cin riba, sai na haɗa Duna da ɗan da ta haifa. Aka fara haifar masu karkatacciyar ƙafa, da makafi, da waɗanda ba sa iya kama nono. Maƙwabta suka yi ƙorafin wari da haushi, na fito na zage su ɗaya bayan ɗaya. Bakina kowa ya san shi.

Waɗanda ba su sayu ba, da karyoyin da suka gaji, a buhu nake zuba su in ɗauki hayar keke mai ƙafa uku zuwa hanyar Ngurore, in sauke a gefen gonaki. Ba ni kaɗai ba. Waɗanda na sayar wa ma can suke kai nasu idan kare ya girma ya fara cin abincin mutum biyu, ko ƙazuwa ta kama shi, ko an yi musu canjin wurin aiki. Karnukan da suka saba da kwano sai su wayi gari a daji. Wasu mota ta take su, wasu su haɗa garke su koma cin awakin mutane, wasu su lallaɓo cikin gari suna bin bola.

Wata rana da hantsi wani dattijo manomi ya kama ni ina kwance bakin buhu. Ya jingina da fartanyarsa yana kallona.

Ya ce, "Goggo, wannan kuma wa kika kawo wa? Mu ne bolan Jimeta?"

Na ce, "Bappa, gonarka ce? Ka yi harkar gabanka."

Ya leƙa buhun, ya ciro ƙaramin da ke motsi ya sa a aljihun rigarsa. Ya ce, "Rai ne fa." Ya ɗauki fartanyarsa ya koma gona.

Duna ma can na kai ta, da ta daina ɗaukar ciki. Nonuwanta suna jan ƙasa, gashin bayanta ya zube. Da keke ya juya ta biyo mu da gudu. Mai keken ya rage tafiya, na daka masa tsawa ya ƙara wuta. Ban waiwaya ba.

Yanzu ga maganar kati. Masu ilimi cikin masu saye sun fara tambaya ko an yi wa kwikwiyo allurar rigakafin haukan kare. Kai kowane ɗaya asibitin dabbobi aiki ne, kuma likita zai gane cewa karnukan nan ba su san hanyar Turai ba. Danladi ya kawo mini katuna bugaggu da hatimi. Ya zana mini sa hannun likita a kwali, na yi ta kwaikwaya a ƙasa da tsinke har hannuna ya faɗa. Ku ji wannan da kyau: na iya sa hannun likita kafin in iya rubuta sunana. Ranar wata kuma mai shagon kusa da mu nake roƙo ya cika mini, ina ce masa likita ne ya manta.

Malam Ishaya malamin firamare ne a Alkalawa. Da matarsa Rifkatu coci ɗaya muke zuwa, tare muke zumuntar mata. Mama take ce mini. Suka zo sayen kare da 'yarsu Hanatu, yarinya 'yar shekara bakwai mai giɓi a baki. Ita ta zaɓi wani ja mai farin ƙirji. Malam ya karɓi katin ya karanta gaba da baya, ya ninke ya sa a aljihu.

Ya ce, "Saboda wannan muka zo wurinki, Mama. Na kasuwa ba su da takarda."

Karen ya girma. Albashin malami ba ya ciyar da kare kullum, sai suka riƙa sakinsa ya nemi abin da zai ci. Ya saba da garken bola, irin waɗanda ni da ire-irena muka zubar. Ya dawo da rauni a wuya, ba wanda ya damu. Bayan wasu makonni ya canza, ya daina cin abinci, yana ɓuya a ƙarƙashin benci. Hanatu ta sunkuya ta jawo shi, ya kama ta a ƙafa. Ya fita da gudu, ba a sake ganinsa ba.

Ranar da la'asar Rifkatu ta shigo gidana, katin yana hannunta, mayafinta a karkace.

Ta ce, "Mama, mun wanke ciwon, mun kai ta kemis. Mai kemis ya ce idan ba a yi wa karen allura ba, dole mu kai ta asibiti a fara mata nata alluran yau ɗin nan. Amma ya ga kati ya ce da sauƙi. Na ce bari in zo in ji daga bakinki. An yi masa, ko?"

Na san abin da ake tambayata. A ƙauyenmu na taɓa ganin wanda mahaukacin kare ya ciza. Kalma ɗaya ce tsakanin yarinyar da asibiti. Amma na hango labari ya bazu a coci, na hango masu saye suna dawo mini da karnuka, na hango 'yan sanda a ƙofata.

Na ce, "Haba Rifkatu, ga hatimi ga sa hannu? A gabana likita ya tsira masa. Zafi ne ya dame shi. Je ki kwantar da hankalinki."

Ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Allah ya saka miki, Mama."

Ranar Lahadi na gan su a coci. Hanatu tana ɗingishi, ta zo ta durƙusa ta ce, "Kaka, ina kwana? Karena ya ɓata, za ki ba ni wani?" Na shafa kanta na ce zan ba ta. Ko a ranar nan, da na buɗe baki, da wataƙila an cim mata. Na shiga na rera waƙa da ƙarfi kamar kowa.

Wajen wata guda bayan nan zazzaɓi ya kama ta. Aka ɗauka na sauro ne. Sai ta fara firgita, ta kasa haɗiye ruwa. Ƙishi yana cinta, amma idan aka kawo kofi sai maƙogwaronta ya shaƙe ta yi ta ihu. A asibiti suka ce an makara, ba abin da za a iya. Ban je ba. An ce sai da aka ɗaure hannuwanta a jikin gado da zanin uwarta. Kwana huɗu ta yi.

Malam Ishaya bai yi hayaniya ba. Bayan an binne ta ya ɗauki katin ya kai asibitin dabbobi. Suka ce ba hatiminsu ba ne, kuma ba su san likita mai wannan suna ba. Da 'yan sanda suka zo, Danladi ya riga ya bar gari. Suka sami sauran katunan a cikin kwallata. Karnukan da ke keji kuwa, ba wanda ya tuna da su sai da wari ya ishi unguwa.

A kotu maganar takardar jabu da zamba aka fi yi. Har lauyana ya miƙe ya ce ai dabba ce ta yi cizo, ba ni ba. Rifkatu tana zaune a baya. Ba ta zage ni ba. Da aka zo fita da ni ta matso ta ce, "Na zo har gidanki na tambaye ki." Shi ke nan abin da ta faɗa.

Shekara huɗu na yi a gidan yari. Ƙanwata ta kwashe yarana. Babban ya bar makaranta, har yau ba ya son a ce ni na haife shi. A gidan yarin wata ganduroba, Malama Asabe, take koya wa mata karatu a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ranar farko ta ce kowa ya zana abin da ya iya a ƙasa. Hannuna ya tafi da kansa ya zana sa hannun likitan nan. Ta duba ta ce, "Wannan kuma sunan wa?" Na goge da tafin ƙafa, na zauna na yi kukan da ban yi a kotu ba. Na tuba ga Allah. Ko ya karɓa, shi ya sani. Rifkatu ban nemi ta yafe mini ba, don ban ga da wane baki zan nema ba.

To ku saurara. Ban fara da niyyar kashe 'yar kowa ba, da reza na fara, da ƙaramar ƙarya a kan kakan kwikwiyo. Duk sana'ar da sai ka yi ƙarya kafin a saya, ka bar ta tun ranar farko. Idan ba za ka iya ciyar da kare har ya tsufa ba, kada ka ɗauko shi don gayu. Kada ka bar karyarka ta yi ta zuba 'ya'yan da ba ka da inda za ka kai su. Wanda ka jefar a hanyar Ngurore ba ɓacewa yake yi ba, unguwarku zai dawo da ciwo a bakinsa. Allura kuwa, ka kai karenka da ƙafarka, ka ga an tsira da idonka. Idan kare ya ciji yaro, a wanke da sabulu a ruga asibiti, ko da katin zinariya ne a hannunku.

Kwana uku da fitowata na shiga kasuwa sayen gishiri, sai na ji an kira ni. Hajja Dudu ce, mai sayar da atamfa daga Makama, wadda na taɓa sayar wa karya don gadin gida.

Ta ce, "Adda! Kin ɓata. An ce rigima kika yi da wani malami. Karyarki fa tana nan, ta sake haihuwa, jikokina ba su da abin wasa sai 'ya'yanta. Duk mai so ina ce masa uwarsu mai kati ce."

Na tsaya da gishirin a hannu. Ashe an ɗaure ni an sake ni, ba wanda ya bi gidajen da na sayar wa ya gaya musu. Katunan suna nan a durowa, ana gaskata su. Na yi mata sallama na wuce gida.

Washegari da safe na sayi igiya na tafi Makama, na buga get ɗinta.

Ta ce, "Lafiya da sassafe haka?"

Na ce, "Ba lafiya ba. Ɗauko katin nan."

Ta kawo. Na nuna mata da yatsa na ce, "Wannan hannuna ne. Babu likita, babu allura. Irinsa ne ya kashe 'yar malamin."

Ta dube ni, ta dubi jikokinta biyu da ke tsugune cikin kwiyakwiyi. Ta ce, "Allah ya isa tsakanina da ke."

Na ce, "Ya isa. Ki shigar da yaran ɗaki, ki riƙe mini get."

Na ɗaura wa karyar igiya, na zuba 'ya'yan a kwali na ɗora a ka. Masu keke uku suka ƙi ɗaukar mu. Sai muka kama hanyar asibitin dabbobi a ƙasa, ina tafe ina lissafa gidajen da suka rage.