Taki Ɗaya, Hotuna Biyu

Ku sababbin direbobin tashar nan kun dame ni da tambayar abin da ya raba ni da kamfanin shinkafa. To, ranar da abin ya faru har yau tana idona, kuma duk sanda na tuna sai na ji daɗi ya cika ni.

Ana gab da zaɓen majalisa ne, manaja ya sa aka yi mini lodin takin zamani. Ƙa'idar lodi kun san ta: kayan da za a fara saukewa su ne a bakin ƙofa, na ƙarshe suna can ciki. Na bakin ƙofa, kowane buhu da hoton ɗan takara mai tabarau, zan kai wani ƙauye kusa da Durun. Na ciki an lulluɓe su da tamfol, na Gwarzo ne, ɗauke da hoton abokin hamayyarsa mai gemu.

Manaja ya ce, "Malam Isiyaku, tamfol ɗin cikin nan, ko iska kada ta ɗaga shi."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Mutanen ƙauyen suna da fadamar da suke noman albasa, kamfaninmu kuwa ya daɗe yana son ta. Mai tabarau yana ce musu mai gemu yaron kamfani ne, mai gemu ma haka yake faɗa a kan mai tabarau. Gari ya rabu biyu, har wa da ƙane sun daina cin tuwo tare, ba mai sauraron wani balle su tsare gonakinsu.

Ina isowa mashigin fadamar, mota ta nutse a yashi. Na ba ta wuta, ta ƙara zama. Manoma suka yar da fartanya suka taho, na wannan ɓangare da na wancan, don a ƙauye ba a tambayar jam'iyyar motar da ta kafe. Suka sauke na bakin ƙofa, aka tura, ko motsi. Sai wani dattijo, Baba Audu, ya ce a sauke sauran.

Na ce, "Baba, a bar na cikin nan."

Ya ce, "Ɗana, kaya kake ji ko motarka? Dubi tayar, ta kusa ɓacewa."

Kafin in sake magana samari sun yaye tamfol. Buhu na farko ya sauko, ga mai gemu yana murmushi. Baba Audu ya sa aka jingina buhunan biyu kafaɗa da kafaɗa, ya zagaya bayansu, ya ga tambarin kamfani iri ɗaya. Ya dube ni.

"Malam direba, sito ɗaya aka lodo su?"

Na san in na faɗi gaskiya, aikina ya tafi ke nan. Amma mutanen nan sun jiƙe da gumi saboda motata. Na ce, "Sito ɗaya, Baba. Manaja ɗaya ya sallame ni."

Wani ya fashe da dariya, sai fadama ta ɗauka gaba ɗaya. Magoya bayan mai tabarau suna tafawa da na mai gemu, wani yana nuna ƙanensa yana cewa, "Ashe a kan buhu ɗaya muke gaba." Ni ma dariya nake har da hawaye. Da suka sa kafaɗa a wannan karon, motar ta fito kamar ba ta taɓa kafewa ba.

Ban kai Gwarzo ba labari ya riga ni, washegari aka karɓe makulli. Su kuwa suka haɗu a ƙofar dagaci, suka ɗauki lauya ɗaya, suka ce ba mai sa hannu a kan fadama ko wa ya ci zaɓe.

Abin da na koya shi ne, mai karɓar buhu hoto kawai yake gani, direba ne ya san inda aka lodo. Kamfani ba ya zaɓen gwani, duka biyun yake saya. Tirelar da kuke gani ina ja yanzu, kowace shekara ita ke kwaso albasar fadamar nan, kuma Baba Audu bai taɓa bari wani direba ya yi masa lodi ba.