Surukina da allurar farko

Majo, shugaban likitar garinmu, ya miƙo mini allura ya ce, "Ga maras lafiyarki na farko, a ɗuwawu za ki yi mishi."

Ina ɗaga labule sai ga surukina zaune. Mutumin da shekara shida ban taɓa haɗa ido da shi ba!

Ni ce fa na dami lakwal ɗin da nake karatun jinya da kiran waya, sai sun ɗauke ni daga Malbaza sun turo ni koyon aiki kusa da gida.

Tsoho ya sunkuyar da kai. "Majo, maganin nan babu na haɗiya?"

Majo ya ce babu.

"To, na warke."

Har gida Majo ya bi shi da allurar. Ni kuwa yau na roƙi lakwal ta maida ni Malbaza.

Tsakani da Allah, da ku ne, za ku iya?