Rabon Maƙwabta a Jikin Ganuwa

Kowane gida a ƙauyen nan yana da rabonsa a jikin ganuwa, taku goma sha biyu, wanda zai yaɓe kafin ruwan farko, in ba haka ba damina ta cinye shi. Yau ce ranar yaɓe, amma mutum ɗaya ne ya fito.

Wani dogon dattijo ne, sanye da kwat ɗin soja da ta koɗe, maɓalli biyu suka rage mata. Yana cuɗa laka da ƙafa, yana shafawa a hankali daidai inda igwar Faransawa ta fasa bangon a zamanin kakanni. Tun da hantsi ya gama nasa rabon, yanzu na maƙwabta yake yi. Wataƙila 'ya'yansu suna can Abijan tare da nasa.

Wata mata ɗauke da itace ta tsaya tana dariya. "Kawu Zanga, wa za ka tare mana? Ai Turawan sun daɗe da tafiya!"

Ya dubi hadarin da ke haɗowa daga gabas, hannunsa bai tsaya ba.

"Na sani, 'yata. So nake in yaran nan sun dawo, su gane garin."