Akwatin da Fannami Ya Fasa

Fannami mai fito ne a wani ƙauye cikin fadamar Auyo. Mutum ne mara hayaniya, irin wanda ko taka shi aka yi shi zai ba da haƙuri. Wannan halin ne ya ja masa.

Shekarar da aka ƙara haraji, aka ce za a yi wa ƙauyukan bakin kogi ɗakunan shan magani. Talakawa suka kwaɓa ƙasa, suka yi jinka, ɗakuna suka tashi. Magani fa? Akwati ɗaya tal aka aiko daga birni, da ƙaton kwaɗo a jikinsa, da wani malamin asibiti mai suna Inuwa da ke rataye da mabuɗin.

Ga yadda ake yi. In Likita Bature zai fito rangadi, sai a tasa Fannami ya riga shi da akwatin. A jera kwalabe a kan kantar ɗakin magani, Bature ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya wuce. Kafin ya gama shan shayi a gidan hakimi, an kwashe, Fannami ya tuƙa zuwa ƙauye na gaba an sake jerawa. Shekara da shekaru ana wannan rashin kunya, kowa ya sani, ba mai tari.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da matarsa Mairam. An yi jiƙo, an sha rubutu, jiki sai ƙara zafi yake. Ana cikin haka rangadi ya zo. Bature na juya baya Fannami ya durƙusa gaban Malam Inuwa.

"Ranka ya daɗe, iyalina na kwance. Ko cokali guda a taimaka."

Malam Inuwa ya datse kwaɗon. "Na dubawa ne, ba na sha ba. Ka yi gaba da shi, ina tafe tare da Bature."

Fannami ya ɗora akwatin a kwalekwale. Da ya sha kwana sai ya juya, ya bi ta cikin shinkafa ya ɓullo bayan gidansa. Mutumin da bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, ran nan ya sa wa kwaɗon gatari. Ya buɗe kwalba, ya ɗanɗana kafin ya ba Mairam. Ya buɗe wata. Ya buɗe wata.

Ruwan kogi ne. Wasu an ɗiga musu shuni, wasu jar ƙasa. Na gaskiyar an daɗe da sayar da shi.

Mairam ta buɗe ido da ƙyar. "Malam, ka samo?"

Allah wadaran waɗanda suka sa bawan Allah nan ya yi ƙarya a irin wannan wuri. Ya ce, "Na samo." Ya tallafo kanta ya ba ta ta sha.

Ba ta kai sallar la'asar ba. Bayan an yi jana'iza dogarai suka zo suka tafi da shi, wai ya ɓarnatar da maganin talakawa.